Dusar Farko, Tarkon Ƙarshe: Yadda Ƙanƙarar Farkon Hunturu Ke Binne Mutane a Tsaunuka

 

Yau za mu bar zafin ƙasarmu mu hau tsaunuka masu sanyi. Duk shekara idan hunturu ya kama a Turai da Amurka da Asiya, za ku ji a labarai an ce dusar ƙanƙara ta zaftare ta binne mutum kaza. Yawancinmu muna ɗaukar abin kamar tsautsayi ne kawai da ke faɗowa babu dalili. Ƙaddara gaskiya ce, amma tana da sababi, kuma sababin nan masana sun san shi ciki da waje. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, sau da yawa dusar da ke kashe mutum a watan Fabrairu tun watan Oktoba ko Nuwamba ta sauka. Wata uku tana kwance tana jira. Yadda hakan ke faruwa shi ne zancenmu na yau, kuma zan ɗauki hunturun 2020 zuwa 2021 a yammacin Amurka a matsayin misali.

Bari mu fara da ita kanta dusar. Idan ka ga tsauni a hoto fari fat, sai ka zaci abu ɗaya ne dunƙule tun daga sama har ƙasa. Ba haka yake ba. Hawa-hawa ne, kamar katifu da aka jera wata kan wata. Duk saukar dusa tana barin shimfiɗarta. Wata ta sauka da iska, ta danƙare ta yi tauri. Wata ta sauka cikin tsananin sanyi, ta zo da laushi kamar auduga. Wata rana ta ɗan narkar da samanta, dare ya yi ta daskare ta zama ɓawo mai santsi. Shi ya sa masu hasashen zaftarewa suke ɗaukar shebur su haƙa rami har ƙasa, su duba bangon ramin. A nan suke karanta tarihin hunturun gaba ɗaya, shimfiɗa bayan shimfiɗa.

Zaftarewar da ta fi kisa tana buƙatar abu huɗu su haɗu. Na ɗaya, faifan dusa mai ƙarfi a sama, wanda ya manne da juna. Na biyu, shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinsa. Na uku, gangare mai tsayin da zai bar abu ya zame, yawanci tsakanin digiri 30 zuwa 45. Idan kana son ka gane digiri 30 zuwa 35, ka tuna matakalar bene, kusan haka take. Na huɗu, abin da zai tayar da ita: sabuwar dusa mai nauyi, ko iska, ko kuma ƙafar mutum. Ka ɗauka an zubar da tsabar gero a kan siminti mai gangara, aka shimfiɗa katifa a kai. Katifar tana nan lafiya, har ka iya cewa ta zauna. Ka taka ta ka gani. Ita da kai za ku tafi tare.

To ina geron yake fitowa? Nan ne farkon hunturu ya shigo.

A wurare irin su jihar Kolorado, dusar farko kan sauka a Oktoba ko Nuwamba, 'yar kaɗan, santimita 20 ko 30. Daga nan sai sama ta washe, a yi makonni babu wata sabuwa, ga dare mai tsananin sanyi. Ita kuwa ƙasar da ke ƙarƙashin dusar tana riƙe da ɗumin da ta tara tun bazara, saboda haka tana nan kusa da digiri 0 a ma'aunin Salsiyos. Saman dusar kuma yana iya kaiwa digiri 15 ƙasa da sifili. Kun ga an samu ɗumi a ƙasa, sanyi a sama, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon rula ba.

Mu yi lissafi tare. Bambancin digiri 15 a cikin santimita 30 daidai yake da digiri 50 a kowace mita. Masana sun ce da zarar bambancin ya wuce digiri 10 a mita ɗaya, ƙwayoyin dusar sun fara lalacewa. Yanzu ka ɗauki wannan bambancin na digiri 15 ka raba shi a kan dusa mai zurfin mita 2. Ya koma digiri 7 da rabi a mita, bai kai mizanin ba. Ma'ana dusa mai kauri tana kare kanta kamar bargo, siririya kuwa ita ce ke ruɓewa. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa tsammani: ƙarancin dusa a farkon hunturu ya fi yawanta haɗari daga baya.

Yaya lalacewar take? Kun san ƙwallon kafur da ake sawa a akwatin kaya, yadda yake ƙanƙancewa har ya ɓace ba tare da ya zama ruwa ba? Haka ƙanƙara ma take yi. Daga ƙasa mai ɗumi, tururi yana tashi daga jikin ƙwayar dusa, ya hau ya manne a gindin ƙwayar da ke samanta mai sanyi, ya sake daskarewa. Kwana da kwanaki ana haka, sai ƙwayoyin su rikiɗe su zama manya masu kusurwa, wasu har da rami a ciki kamar ƙaramin kofi. Ba sa manne wa juna ko kaɗan. Ka damƙe su a hannu don ka dunƙula, sai su zube ta tsakanin yatsunka. Shi ya sa mutanen can suke kiranta dusar sukari.

Ita kaɗai dusar sukarin ba ta cika yin ɓarna ba. Matsalar tana farawa ranar da babbar dusa ta sauka a kanta, ko iska ta kwaso dusa daga wani gefen tsauni ta jibge a ɗaya gefen. Kun ga yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan katanga? Haka take yi da dusa a bayan ƙoƙuwar tsauni, kuma tana iya tara ta da sauri fiye da yadda take saukowa daga sama. Yanzu katifa ta hau kan gero. Sabuwar dusa takan zauna ta manne cikin 'yan kwanaki, amma wannan ruɓaɓɓiyar shimfiɗa ta ƙasa tana iya yin makonni ko watanni ba ta warke ba. Wata shekarar ma sai narkewar bazara ce ke kawar da ita.

Abin da ya faru kenan a ƙarshen 2020. Dusa ta sauka da wuri a tsaunukan Kolorado da Yuta, sannan aka shiga fari. Abin da ke ƙasa ya zama sukari. Da dusa ta ƙaru a tsakiyar Disamba, cikin kwana biyu, 18 da 19 ga wata, mutum 3 suka rasu a Kolorado, ɗaya kusa da garin Crested Butte, biyu kusa da Silverton. Kuma ba sababbin shiga ba ne, mutane ne da suka daɗe suna yawo a waɗannan duwatsu. A ranar 1 ga Fabrairun 2021, wasu 3 suka sake rasuwa kusa da Silverton. A makon farko na wannan watan kaɗai, aƙalla mutum 14 zaftarewa ta kashe a faɗin Amurka. Da hunturun ya ƙare, adadin ya kai 37, alhali a shekarun da suka gabata matsakaicin bai kai 30 ba. Daga cikin 37 ɗin, 12 a Kolorado ne.

Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na ranar 6 ga Fabrairu, a wani wuri da ake kira Wilson Glade, cikin kwazazzabon Mill Creek kusa da birnin Salt Lake a jihar Yuta. Matasa 8 ne, rukuni biyu, 'yan wasan zamiya a kan dusa. Gangaren ba wani mai ban tsoro ba ne a ido, da kaɗan ya haura digiri 30. Rukuni ɗaya ma sun riga sun sauko ta wurin a ranar, lafiya lau, suna sake hawa. Sai faifan ya tsage, zurfinsa kusan mita ɗaya, faɗinsa kusan mita 300. Ya binne 6. Abokansu suka tono 2 da rai, 4 suka rasu, dukkansu 'yan shekara ashirin da wani abu. Sa'o'inmu ne, jama'a. Kuma shimfiɗar da ta karye a ƙarƙashinsu ita ce wannan tsohuwar dusar ta farkon hunturu.

Akwai darussa biyu a nan. Na farko, sawun mutane a kan gangare ba shaidar lafiya ba ne. Kaurin faifan ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda yake da kauri, nauyin mutum ba ya kaiwa ga shimfiɗa mai rauni. Mutum goma za su wuce, na sha ɗaya ya taka inda ya yi siriri, kusa da wani dutse ko kututture, sai shimfiɗar ta rufta a wurin, tsagewar ta ruga ta ƙarƙashi zuwa ko'ina. Na biyu, ba sai kana kan gangaren ba. Da irin wannan shimfiɗa, kana iya tsayawa a fili a gindin tsauni, takunka ya karya ta, tsagewar ta hau sama ta sako maka dusar a ka.

Wani zai ce, to ai dusa ce, abu mai laushi, me zai hana mutum ya ture ta ya fito? Mu sake lissafi. Mu ɗauka faifai mai faɗin mita 300, tsawon mita 100, zurfin mita 1. Wannan mita dubu 30 kenan mai murabba'in ciki. Idan kowace ɗaya ta kai kilo 250, an samu tan 7,500. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka. Kenan kamar tirela 250 ne suka taso maka lokaci guda, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan gudun yana iya wuce kilomita 100 a awa. Idan ta tsaya kuma, nan take take danƙarewa ta yi tauri. Waɗanda aka tono da rai suna ba da labarin cewa ko yatsa ba su iya motsawa ba. Numfashin mutum da kansa yana narkar da dusar da ke gaban fuskarsa, ta sake daskarewa ta zama ɓawo, iskar da yake fitarwa ta taru ta shaƙe shi.

Wani bincike da aka wallafa a 1994 kan haɗurran ƙasar Suwizalan ya nuna cewa idan aka tono mutum cikin minti 15, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Idan aka kai minti 35, sai kusan 3 cikin 10. Kun ga ke nan jirgin ceto mai saukar ungulu ba kasafai yake riskar mutum da rai ba. Wanda zai cece ka shi ne abokin tafiyarka. Shi ya sa duk mai shiga irin waɗannan wurare dole ya ɗauki abu uku: 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jiki mai aika sigina da karɓarta, doguwar sanda mai naɗewa da ake cakawa a dusa don a taɓo mutum, da shebur. Na'urorin duk duniya a kan zango ɗaya suke aiki, kilohaz 457, don kowace ta ji kowace. Kuma tonon ba wasa ba ne: wanda ke zurfin mita ɗaya, sai an kwashe dusar da ta kai tan guda ko fiye kafin a fito da shi.

Farkon hunturu yana da nasa ƙarin sharrin. Dusa ba ta rufe duwatsu da kututtura ba tukuna, saboda haka ko ƙaramar zaftarewa ta ja mutum, kan duwatsu za ta riƙa buga shi. Dama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa rauni ne ke kashe su, ba shaƙewa ba. Sannan masu ɗokin wasa, da yake dusa ba ta wadata ba, sai su nemi inda ta fi taruwa: kwazazzabai, da gefen tsaunin da ke kallon arewa, wanda rana ba ta cika dukansa a wancan ɓangaren duniya. To can ne tsohuwar dusar Oktoba ta tsira ba ta narke ba, can ne iska ta jibge sabuwa a kanta. Inda ya fi daɗin wasa shi ne inda tarkon yake. Ga kuma sakaci, mutum yana ganin ai lokaci bai yi ba. A ranar 7 ga Oktoban 2017, a tsaunin Imp na jihar Montana, zaftarewa ta binne wata matashiya ƙwararriyar mai hawan duwatsu. Tana da na'urar sigina, amma tana cikin jakarta a kashe. Abokin tafiyarta ya yi ta nema bai same ta ba.

Kada ku ɗauka abin na 'yan wasan Amurka ne kawai. A watan Disamban 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, dusa ta zaftare kan barikin sojojin Ostiriya a tsaunin Marmolada, ta kashe fiye da 200 a tashi ɗaya. A Oktoban 2014, guguwar Hudhud ta kai dusa kwatsam yankin Annapurna na Nepal, mutum fiye da 40 suka mutu tsakanin zaftarewa da sanyi. A ƙarshen Disamban 2020, masu hawan dutse 12 suka rasu a tsaunukan Alborz da ke arewa da Tehran. A tsaunukan Alps na Turai kuwa, kusan mutum 100 ake rasawa a shekara idan aka yi matsakaici.

Waɗannan ƙasashe ba su zauna sun naɗe hannu ba. A garin Davos na Suwizalan tun 1936 ake binciken dusa, kuma cibiyar da ke can tana fitar da sanarwar haɗari a kullum lokacin hunturu. Kolorado tana da tata cibiyar tun 1973. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai mataki 5, daga na 1 mai ƙaramin haɗari zuwa na 5 mafi tsanani. Abin lura a nan: ba a mataki na 5 aka fi mutuwa ba, a na 3 ne. A na 4 da na 5 kowa ya ga abin da idonsa, ya zauna a gida. A na 3 kuwa rana na haskawa, dusa ta yi kyau, mutum ya ce ai tsakiya ne, da sauƙi. Kuma a cikin haɗurra kusan 9 cikin 10, wanda abin ya rutsa da shi ko wani a rukuninsa ne ya tayar da zaftarewar.

Tsaunin yakan yi gargaɗi, ga mai kunne. Idan ka ga inda dusa ta zaftare jiya ko yau, babu wata shaida da ta fi wannan. Idan kana tafiya ka ji ƙasa ta yi wani "wuf" ta ɗan nutse da kai, shimfiɗar ƙasa ce ta rufta, iskar cikinta ta fita. Idan ka ga tsaga ta ruga daga ƙafarka ta yi gaba, faifan ne yake sanar da kai a shirye yake. Haka idan an kwana ana dusa mai yawa, ko iska mai ƙarfi, ko gari ya yi ɗumi kwatsam. Maganin da masanan ke bayarwa a shekarar da ke da ruɓaɓɓen harsashi ba wata dabara ba ce mai wuya: ka tsaya a gangaren da bai kai digiri 30 ba, kada kuma ka bi ta ƙarƙashin wanda ya kai. Idan dole a tsallaka wuri mai haɗari, ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo daga inda ba za ta kai su ba.

Me ya shafe mu? Ya shafe mu ta hanya biyu. Akwai 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata a Turkiyya, Rasha, Kanada, Jamus da sauransu. Dusar farko ta sauka, abokai su ce a je dutse a ɗauki hoto. Idan kana cikinsu, ka tsaya a wuraren wasa na hukuma, inda ma'aikata ke tayar da zaftarewa da nakiya tun kafin a buɗe wa jama'a. Igiyar da aka ja da allon da aka kafa ba ado ba ne, bayansu babu wanda ya duba maka komai. Ka duba sanarwar haɗari ta yankin a wayarka kafin ka fita.

Hanya ta biyu ta fi ciwo. Tun wajen 2017, matasa 'yan ci-rani, da yawansu daga Afirka ta Yamma, suna tsallaka tsaunukan Alps da ƙafa daga Italiya zuwa garin Briançon na Faransa, ta mashigar Échelle da ta Montgenèvre, masu tsayin mita 1,700 zuwa sama da 1,800. Da dare suke bi, suna kauce wa hanya don gudun 'yan sanda, da takalmin kambas da 'yar rigar sanyi. An tsinci gawarwaki, wasu sun rasa yatsu saboda sanyi. Wurare ne da ƙwararru ke shiga da na'ura da shebur, bayan sun karanta sanarwa. In kana da ɗan uwa da ke wannan tunanin, ka tura masa shirin nan. Hamada ta ci namu, teku ta ci, kada mu ƙara da dusa.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke zaune a ƙasar da ake dusa, ya faɗa mana a sashen sharhi ko ya taɓa jin wannan "wuf" ɗin ƙarƙashin ƙafarsa, da kuma yadda ake sanar da haɗari a garinsu. Mai tambaya ma ya ajiye ta, za mu duba a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare mu da 'yan uwanmu a duk inda suke. Sai an jima.